Waifai Ya Ƙi A Laftof Ɗina: Amsoshin Tambayoyinku

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan rabinsu akan abu ɗaya ne, waifai ɗin laftof, wani nasa ya ɓace ɓat, wani yana ganinsa amma ya ƙi shiga, wani kuma ya shiga amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa, shi ne na ce bari in tattaro su wuri guda. Masu tambaya akan batirin da ke kumbura ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Sunayen abubuwan da ke kan sikirin na bar su da turancinsu yadda za ku gan su, don in na fassara za ku je nema ku rasa.

Tambaya: Slm Malam, dan Allah a taimaka min. Jiya da daddare ina cikin haɗa asaimen na tashi sallar isha'i na bar laftof ɗin a buɗe, ƙanina ɗan shekara huɗu yazo ya daddanna, ina dawowa naga intanet ya ɗauke, inda alamar waifai take can ƙasa yanzu wani ɗan jirgin sama ne a wajen, kuma wani maɓalli a sama yana kawo wuta ruwan lemo alhali da fara ce. Na kashe na kunna yafi sau biyar wlh ba canji, gashi ran Litinin zamu bada aikin. Ko ya lalata min ita ne? Daga wata ɗaliba a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa'alaikis salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, kuma kar ki taɓa yaron nan, babu abin da ya lalata. Ɗan jirgin da kika gani shi ne Airplane mode, irin na waya sak, an yi shi ne don masu hawa jirgi, da an kunna shi sai ya rufe bakin waifai da bulutut gaba ɗaya. Kuma Windows yana riƙe shi a ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa ko sau ɗari kika kashe kika kunna jirgin nan yana nan inda yake bai tashi ba.

Daga yadda kika kwatanta wutar ina kyautata zaton HP ce, don su ne aka fi sani da wannan, fara waifai na kunne, ruwan lemo a kashe yake. Galibi F12 ne maɓallin. Danna shi sau ɗaya ki ɗan jira kamar sakan biyar, in bai canja ba ki riƙe Fn, yana can ƙasa ta hagu kusa da Ctrl, ki danna su tare. Kar ki yi ta dannawa a jejjere, da yawa nan suke cin tuwo su zubar da miya, su kunna su sake kashewa ba su sani ba. Wata hanyar kuma ki danna maɓallin Windows da harafin A tare, wani ɗan allo zai fito ta dama, za ki ga Airplane mode ya yi launi, taɓa shi ya dushe, sannan ki taɓa na waifai ya yi launi. Shi ke nan.

Tunda ba ke kaɗai ke karantawa ba bari in faɗaɗa. Kowane kamfani da inda ya ɓoye nasa maɓallin. Tsofaffin Dell da yawancin Asus Fn da F2 ne, wasu Dell ɗin Fn da PrtScr, Acer Fn da F3, Toshiba Fn da F8, tsofaffin Lenovo Fn da F5. Ba sai an haddace ba, a duba layin sama na kibod kawai a nemi maɓallin da aka zana wa jirgi ko wata 'yar eriya mai watsa sigina. Sannan akwai tsofaffin laftof na ofis da suka cika mana kasuwa a gwanjo, irin su ThinkPad T420 da X220 da Latitude E6420, su wani ɗan makunni ne da su a gefe da ake turawa gaba da baya, ƙarami ne bai kai ƙwayar gyaɗa ba kuma baƙi a jikin baƙi, in ba ka san da shi ba za ka shekara da laftof ɗin ba ka lura ba. Akwai wani bawan Allah da ya taɓa kawo min tasa tun daga ƙauyensu a bayan mashin, ya nannaɗe ta da zani, an riga an ce masa bod, wato babban allon da ke cikin laftof ɗin, shi ne ya ƙone har ya fara neman rance. Ina karɓa na shafa gefenta da yatsa na ji makunnin ya koma baya, wajen turawa cikin jaka ne ya goge. Na tura shi gaba, kafin ya gama ba ni labarin abin da ya faru sunayen waifai sun jeru. Ya daɗe yana kallona yana kallon laftof ɗin.

In an yi duk wannan jirgi ya tafi amma waifai bai dawo ba, a danna Windows da R a rubuta ncpa.cpl a danna Enter. In aka ga alamar waifai ta yi fari-fari kamar an wanke ta, a yi mata kilik ɗin dama a zaɓi Enable. Allah ya ba da sa'ar asaimen.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Laftof ɗina ce take nauyi na kai wa wani mai gyara ya ce sai an yi fomatin, ya yi ya sa sabon Windows, na dawo gida na tarar babu waifai kwata-kwata, ko wajen kunnawa babu, sai wani hoton duniya a ƙasa. Na koma masa ya ce wai katin waifai ɗin ne ya ƙone sai na sayi wani. To ni dai lafiya lau na kai ta. Gsky raina ya ɓaci, meye gaskiyar magana? Daga wani mai karatu a Hotoro, Kano.

Amsa: Ɗan uwa kar ka sayi komai tukuna. Fomatin ba ya ƙona kati, ba wuta ba ce. Abin da na fi zato shi ne direba ne babu. Direba wata 'yar manhaja ce da ke tsakanin Windows da kowane ƙarfe da ke cikin kwamfuta, ita ce tafinta, in babu ita katin yana nan da ransa amma shi da Windows ba sa jin yaren juna. Da aka goge tsohon Windows an goge har da ita, sabon da aka sa kuma bai zo da wadda ta dace da katinka ba, mai gyaran ya kamata ya sa kafin ya miƙo maka.

Ga yadda za ka tabbatar da idonka. Danna Windows da R, rubuta devmgmt.msc, Device Manager zai buɗe. Nemi Network adapters ka buɗe shi. In ka ga wani suna mai ɗauke da Wireless ko WLAN ko 802.11, galibi na Intel ko Realtek ko Qualcomm Atheros ko Broadcom ko MediaTek, to katin kenan. In ba ka gan shi nan ba duba ko akwai wani rukuni mai suna Other devices, in ka ga Network Controller a ciki da ɗan alwatika ruwan ɗorawa a jikinsa, to albishirinka, wannan shi ne katin naka yana ɗaga hannu yana cewa ga ni nan ba a san ni ba ne kawai. Katin da ya mutu ba ya ɗaga hannu.

Za ka ce to da wane intanet zan sauke direban tunda waifai ɗin ne babu? Da kebul ɗin cajin wayarka. Ka jona wayar da laftof, ka shiga saitin ɗin hotsifot a wayar ka kunna USB tethering, nan take laftof za ta samu intanet ta igiya ba ruwanta da waifai. Amma fa kebul mai kyau, waɗannan masu araha da ake sayarwa a bakin tasha da yawansu caji kaɗai suke yi ba sa ɗaukar data, za ka ga wajen kunnawar ya ƙi taɓuwa. In ta samu intanet ka shiga Windows Update ka ce ya bincika, ka leƙa Optional updates, nan direbobi suke zama. In bai samo ba ka je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ka juya ta ka karanta lambar da ke ƙasanta, Dell suna ce mata Service Tag, HP da Lenovo siriyal lamba, ka sa ta a shafin zai fito maka da direban da ya dace da taka ba ta maƙwabci ba. Ko a waya ma za ka iya saukewa ka tura. Abin da ban yarda da shi ba shi ne manhajojin nan da ke tallar wai za su sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya, da yawa gudun gara ne a faɗa gidan zago, ka sauke don gyaran waifai ka wayi gari talla ta cika maka sikirin.

To in babu shi a Network adapters, babu kuma komai a Other devices fa? Nan ma da sauran magana kafin a yi masa sallar gawa. A leƙa BIOS, wato saitin ɗin laftof da ke gaba da Windows, ko an kashe katin daga can, lokacin da laftof ke tashi ake shiga, HP da F10, Dell da F2, ThinkPad da F1. A kashe ta a cire caja, in batirin mai fita ne a cire shi, a danne maɓallin kunnawa kamar sakan 30 sannan a mayar. A buɗe ƙasanta a zare katin a goge ƙura a mayar da shi ya zauna daidai, wannan kam a bar wa wanda ya iya. Sai duk an yi waɗannan sannan za a ce ya mutu. Ko ya mutun ma ba dole sai an farke laftof ba, akwai ɗan waifai na USB irin TP-Link TL-WN725N, bai wuce farcen babban yatsa ba, ka soka shi a gefe ka manta da shi, a Beirut Road ko Farm Centre ba zai yi wuyar samu ba. Na ma fi ba da shawararsa ga masu tsofaffin ThinkPad da HP, don wasunsu BIOS ɗinsu ba ya karɓar baƙon kati, ThinkPad har kuskure mai lamba 1802 take nunawa ta ƙi tashi sai an cire shi.

Kuma in faɗa wa 'yan uwana masu gyara gaskiya, wannan ɗabi'a ta komai aka kawo a ce fomatin ta isa haka. Mutum ya zo da ciwon kai ka ce sai tiyata. Laftof mai nauyi sau da yawa tsohon hard disk ne, wato ma'ajiyar fayil, ko ƙarancin RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, ka yi fomatin sau goma bayan sati biyu ta koma gidan jiya, ga hotunan mutane da takardunsu sun tafi. In kuma dole sai an yi, don Allah a daina ɗora wa mutane Windows 7, tun Janairun 2020 Microsoft ta daina kula da shi, shi kansa Windows 10 wa'adin da ta yanka masa ya cika tun 14 ga Oktoban 2025.

Tambaya: Mlm na canja waya ne, tsohuwar da na kunna hotsifot laftof take kamawa, sabuwar kuwa duk wayoyin gidan suna ganin sunanta banda laftof ɗina, alhali tana ganin waifai ɗin maƙwabta har guda huɗu. Wayar ce ke da matsala in mayar? Daga Tudun Wada, Gusau.

Amsa: Kar ka mayar, wayarka lafiyarta ƙalau, ta dai fi laftof ɗin zamani ne. Ka tuna rediyon da, wadda ke kama gajeren zango da matsakaici amma babu FM a jikinta, ko a gindin tashar FM ka zauna da ita ba za ta kama ba. Waifai ma zango-zango ne, akwai 2.4GHz akwai 5GHz, sababbi har da 6GHz. Tsofaffin laftof da yawa musamman masu araha 2.4 kaɗai suke ji, sababbin wayoyi kuma wasu suna watsa hotsifot a kan 5. Kuma wannan 5 ɗin ba shi ne 5G na layin waya ba, suna ne ya zo kusa, mutane na yawan haɗa su.

A Android shiga saitin ɗin hotsifot ka nemi inda aka rubuta Band ko AP band ka mayar da shi 2.4GHz. Mai iPhone daga 12 zuwa sama ya shiga Personal Hotspot ya kunna Maximize Compatibility, aikinsa kenan, kuma ya bar shafin a buɗe har laftof ta kama, don in an fita wani lokacin sunan ɓuya yake. 5 ya fi gudu amma 2.4 ya fi nisa ya fi ratsa bango, ga wanda zai yi bincike da tura imel ba wani bambanci da zai gani.

In sunan ya fito amma ta ce Can't connect to this network, abu biyu nake fara dubawa. Ko wayar tana kan tsaron WPA3 wanda tsohon kati bai sani ba, a mayar da shi WPA2. Ko kuma ka ba sabon hotsifot sunan tsohon amma fasawod ya bambanta, laftof tana ta cusa tsohon makulli a sabon kwaɗo. Yi wa sunan kilik ɗin dama ka zaɓi Forget ka sake shiga, ka lura da Caps Lock. Masu rawuta, wato na'urar watsa waifai, a gida kuma da laftof ɗin da ta zo daga Amurka, can tasha ta 1 zuwa 11 ake amfani da su a zangon 2.4, in rawutarka ta hau 12 ko 13 tana iya ƙin ganinta, a shiga saitin a tsayar da ita a 1 ko 6 ko 11.

Tambaya: Yallaɓai ina da shagon buga takardu da cike fom, ina amfani da MiFi. Laftof tana nuna ta haɗu, sandunan sigina a cike, amma a ƙasa an rubuta No internet, kwastoma na zaune ina zufa. Wani lokacin ya dawo da kansa wani lokacin har yamma. Har na fara tunanin fomatin. Daga Azare.

Amsa: A'a Alhaji, kar a bar jaki a daki taiki. Sandunan da kake gani a cike ba labarin intanet suke ba ka ba, suna gaya maka ne tsakanin laftof da MiFi ɗin da ke kan teburinka lafiya lau. Tiyo ya shiga bakin famfo daram, amma ko akwai ruwa a famfon wannan wata magana ce daban. Saboda haka abu na farko, kuma shi ne ya fi duk sauran da zan faɗa amfani, ka jona wayarka da MiFi ɗin bayan ka kashe datar wayar. In ita ma ta ƙi buɗe komai to ka wanke laftof, ba ta da laifi.

Daga nan sai a koma kan layin. Data ce ta ƙare ko wa'adinta ya cika, a layukan Najeriya yanzu *323# ne ake duba ragowar data ko wane kamfani ne, *312# kuma na saye. Ka tabbatar ba irin datar nan ta WhatsApp da Facebook kaɗai aka saya ba, ko ta dare, don ita balas zai nuna akwai amma birawuza ba za ta buɗe ba. Ka juya MiFi ɗin ko ka cire murfin za ka ga adireshinsa, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei 192.168.8.1, ka rubuta a birawuza, shafin zai nuna maka ainihin ƙarfin sabis ɗin da yake samu daga eriyar kamfani. Yadda ka ce yana tafiya yana dawowa da kansa, ni na fi zargin nan. Shago mai rufin kwano a cikin kasuwa, ga MiFi an tura shi cikin durowa ko an bar shi a caji tun safe ya yi zafi kamar dutsen guga, dole ya riƙa shaƙewa. Ɗaga shi sama kusa da taga inda rana ba ta dukansa. Mai sana'a irin taka kuma ya kamata ya ajiye layi na biyu na wani kamfanin daban.

In kuwa wayar ta buɗe laftof ce kaɗai ta ƙi, fara da Restart, ba Shut down ba. Tun daga Windows 8 akwai abin da ake kira Fast Startup, in ka yi Shut down ba mutuwa take yi duka ba, tana ajiye wani ɓangare don ta tashi da wuri, har da matsalar sai ta tashi da ita, Restart ne ke wanke komai. Sannan duba ko akwai manhajar VPN a kunne ka kashe ta, ko wani yaron shago ya taɓa sa furokzi, wato saitin da ke karkatar da hanyar intanet, wajen neman burauzin na kyauta ya manta, shiga Settings, Network & Internet, Proxy, ka kashe Use a proxy server. In bai yi ba buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta ipconfig. In lambar da ke gaban IPv4 ta fara da 169.254 to MiFi bai ba laftof adireshi ba ita ta ƙirƙiro wa kanta, kashe MiFi ka kunna, ka rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew. Ka ƙara da ipconfig /flushdns da netsh winsock reset ka yi Restart. Makami na ƙarshe Network reset, yana cikin Network & Internet ɗin, a Windows 11 ƙarƙashin Advanced network settings, zai mayar da komai na netwok sabo ba tare da ya taɓa fayil ɗinka ko ɗaya ba, sai dai duk fasawod ɗin waifai da ta riƙe zai goge, ka tanade su.

Tambaya: Ni tawa tana kamawa lafiya, matsalar na sa 2GB na jona laftof ko minti talatin ba a yi ba aka turo min saƙo wai ta ƙare, ban kalli bidiyo ko ɗaya ba. Aljanu ne? Daga wata baiwar Allah a Birnin Kebbi.

Amsa: Aljanin sunansa Windows Update, yana da ƙanne irin su OneDrive da Google Drive da sauran manhajoji masu sabunta kansu a ɓoye. Laftof in ta ga waifai ɗauka take irin na ofisoshin Turai ne da ba a ƙirgawa, musamman in ta daɗe ba ta hau intanet ba, sai ta zauna ta rama bashi da datarki. Da kin jona ki shiga Properties na sunan hotsifot ɗin ki kunna Metered connection, kin gaya mata kenan wannan da kuɗi ake saye, za ta rage haɗama sosai. Sau ɗaya ake yi wa kowane suna. Ki leƙa Data usage za ki ga ɓarawon da sunansa da adadin da ya ci. Za ki iya dakatar da afdet har sati biyar, amma ban ce a kashe shi har abada ba 'yar uwa, da shi ake toshe ƙofofin ɓarayi, ki bari sai kin samu datar dare mai araha ko waifai ɗin makaranta ki sake ta ta ci ta ƙoshi.

Tambaya: Assalamu alaikum ɗana. Ni tsohon malamin makaranta ne na yi ritaya, 'ya'yana suka saya min kwamfuta ta hannu ina karanta jaridu. Kwana biyu duk shafin da na buɗe sai ta rubuto Your connection is not private da jan rubutu, jikana ya ce an yi min kutse. Daga Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. In duk shafuka ne suke haka, kafin ku tsorata ku duba agogon da ke ƙasa ta dama, ku karanta kwanan wata da shekara. Ina zaton za ku tarar ta koma shekarun baya. Kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogon kwamfuta ya ɓata sai ta ga takardun duk ba su yi daidai ba ta ƙi yarda da kowa. Jikan naku ya shiga Date & time ya kunna Set time automatically, yankin lokaci ya sa West Central Africa wato UTC+1. In kun ga duk sanda aka kashe aka kunna sai agogon ya sake komawa baya, wani ɗan batiri ne a ciki mai kamar kwabo ya mutu, galibi CR2032, shi ke riƙe lokaci, a na hannu ana yawan samun haka kuma kuɗinsa kaɗan ne. Amma Baba in agogo daidai yake kuma shafi ɗaya ne tak ke nuna gargaɗin, ku bar shafin nan, kar ku sa lambar banki a ciki.

Tambaya: Oga ya ake buɗe fasawod ɗin waifai ɗin maƙwabci? Daga wani matashi, bai faɗi gari ba.

Amsa: Ana yin sallama a ƙofar gidansa a tambaye shi. In kuwa naka ne ka manta kuma laftof ɗinka ta taɓa shiga, buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta netsh wlan show profile name="sunan waifai ɗin" key=clear, ka duba gaban Key Content.

Tambaya: Sikirin ɗina ya fashe aka canja min, tun daga ranar sai na ɗora wayar a jikin laftof take kama hotsifot, in na matsa ko taku uku ne sai ya yanke. Kuma in aka ɗauke wuta ta koma kan batir abin ya fi tsanani. Daga Maraɗi.

Amsa: Ka ba ni amsar da bakinka ɗan uwa. Eriyar waifai ba a ƙasa take wajen kibod ba, a cikin murfin take, a saman sikirin, wasu siraran wayoyi guda biyu galibi baƙa da fara su suke saukowa ta cikin hinjin murfin su je su maƙale a jikin katin da wasu 'yan kawuna kamar maɓallin riga. Wajen canja sikirin ko an tsinke ɗaya, ko hinji ya datse ta, ko an cire ba a mayar ba. Koma wajen wanda ya yi aikin ka ce ya duba wayoyin eriya tun daga kan katin har sama, in kan ne ya fita dannawa kawai za a yi ya ce ƙas. Na batir kuma shiga Device Manager, yi wa katin waifai kilik sau biyu, in akwai shafin Power Management cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power, ka kuma kashe Battery saver lokacin da kake kan intanet. In wayar eriyar ta tsinke a can ciki kuma ba a samu irinta ba, ɗan waifai na USB ɗin nan da na gaya wa mutumin Hotoro zai fisshe ka, don shi da eriyarsa yake zuwa.